Da na gaba ake gane zurfin ruwa

A karkara, yarinya ba ta koyon kaɗi ko ginin tukunya cikin takarda. Kusa da uwa ko goggo take zama, tana kallo, tana gwadawa, ana gyara mata hannu. To, aikin kimiyya da na injiniya ma haka yake. Lakwal tana ba ɗiya mace ilimi, amma in ta fito tana bukatar wata babba da ta riga ta shiga aikin, wadda za ta riƙa mata hannu. Labarin wata ƴar Faransa mai suna Margarit Pere ya isa misali.

An haifi Margarit a shekarar 1909. Likita take so ta zama, amma rasuwar mahaifinta ta bar gidansu cikin rashi. Sai ta yi gajeren karatu na taimakon masu binciken sinadarai. A 1929 ta samu aiki a Cibiyar Radiyom ta birnin Paris, wurin Madam Mari Kuri, watau shahararriyar masaniyar nan da ta ci lambar Nobel har sau biyu, a 1903 da 1911.

Madam Kuri ta jawo yarinyar kusa da ita, ta maishe ta mataimakiyarta. Ta koya mata yadda ake tace wani sinadari da ake kira aktiniyom daga cikin dutsen iraniyom, irin arzikin da ake haƙowa a Arlit. Aiki ne mai son haƙuri, don ɗan abin da ake samu cikin tarin dutse bai taka kara ya karya ba. Shekara biyar suka yi tare, har Madam Kuri ta rasu a 1934.

Margarit ta ci gaba da aikin tare da Iren, ɗiyar Madam Kuri. A 1939 ta lura da wani haske mai ratsa jiki yana fita daga aktiniyom ɗin da ta tace, wanda bai yi daidai da abin da masana suka sani ba. Da ta bi diddigi, sai ga sabon sinadari, na 87 cikin jerin sinadarai. Ta raɗa masa suna faransiyom, don girmama ƙasarta. A lokacin ko digirin farko ba ta da shi. Daga baya ta koma karatu, ta samu digirin dakta a 1946, ta zama farfesa a jami'ar Istarasbur a 1949. A 1962 ita ce mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar manyan masanan kimiyya ta Faransa, wadda ta ƙi karɓar malamarta a 1911.

Sai dai a zamaninsu ba a san kariya daga wannan haske sosai ba. Ya yi wa su biyun lahani, Margarit kuma ciwon daji ya yi ajalinta a 1975. Don haka mai koyar da ƙanwa a yau, wajibi ne ta haɗa mata da hanyoyin tsare lafiya.

Ƴan matan Nijar ma suna iya kai can. Fadji Maina, ɗiyar Damagaram, ta samu digirin dakta kan ilimin ruwa a jami'ar Istarasbur ɗin nan a 2016, ta kuma shiga aiki a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 2020.

Saboda haka ana kira ga matan da suka riga suka zama likitoci, injiniyoyi da malaman gona, kowace ta ɗauki yarinya ko da ɗaya, ta nuna mata wurin aikinta, ta gaya mata karatun da ake bi da jarrabawar da ake yi. Iyaye kuma, in malamar asibiti ko ta gona ta zo gari, su kai mata ɗiyarsu mai ƙwazo su gaisa, kuma su bar yarinyar ta ƙare karatunta.