Sabuwar kyamara, tsohon hannu: yadda masu hoto a Nima da Maamobi za su daidaita haske

A Nima da Maamobi, manyan zangunan Accra babban birnin Ghana, aikin mai ɗaukar hoto ba ya yankewa: suna, ɗaurin aure, walimar saukar Alƙur'ani, sai kuma Idi. Wanda ya tara kuɗi ya sayi sabuwar kyamara yakan ɗauka hotunansa za su ƙara kyau nan take. Sau da yawa akasin haka ke faruwa a makonnin farko. Farar shaddar ango ta fito kamar toka, fuskar amarya ta yi duhu, alhali bikin ba a maimaita shi.

Kyamarar ba ta lalace ba. Matsalar tana wajen ma'aunin hasken da ke cikinta. Wannan ma'auni bai san fari ba, bai san baƙi ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin ruwan toka, wanda masana hoto ke kwatanta shi da abin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Idan sahun masallata sanye da farare ya cika idon kyamara, sai ta ɗauka hasken ya yi yawa, ta rage. Farin ya dushe, fuskokin kuma, waɗanda dama sun fi tufafin duhu, su nutse. Haka ake gamuwa da shi a filin Idi na Independence Square, haka kuma a harabar babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, inda hasken gini da na sararin sama ke rinjayar ma'aunin.

Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar +/-, ko ɗan faifan da ke saman wasu kyamarori. Da shi mai hoto ke gaya wa na'urar ta ƙara ko ta rage a kan abin da ta auna. +1 na nufin ninka hasken sau biyu, -1 kuma rabinsa, kuma yawanci ana tafiya ne kashi ɗaya cikin uku a kowane taki. Idan fari ya yi yawa a gaba, a ƙara, wajen +0.7 zuwa +1. Idan duhu ne ya mamaye, kamar mawaƙi a dandali da dare, a rage. Inda aka fi shan wahala shi ne ƙarƙashin rumfar biki a bakin titi: mutane na cikin inuwa, bayansu rana na ƙuna. Nan +1 ma kan gaza, gara a koma ga awon da ke duba ɗan tsakiyar hoto kaɗai, a ɗora shi kusa da fuska, ko a kunna filashi.

To me ya sa lambar da ta yi aiki a tsohuwar kyamara ba ta yi a sabuwa? Kowane kamfani da lissafinsa. Nikon, wanda ya fara fito da awon da ke raba hoto gida-gida a kyamarar FA a 1983, yana kiran nasa Matrix. Canon na kiran nasa Evaluative. Sababbin kyamarori marasa madubi, irin su Canon EOS R da Nikon Z da suka fito a 2018, suna gane fuska, wasu kuma na ba ta fifiko wajen awo. Wanda ya saba barin tsohuwarsa a +0.7 ya yi haka a sabuwa, yana iya ƙona farin gaba ɗaya: zanen shadda da aikin wuyan riga su ɓace, sai fari fat. Wannan asara ta fi ta duhu muni. Inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, musamman idan an ɗauka a tsarin RAW, amma farin da ya ƙone a JPEG ya tafi ke nan. Mai hoton da zai tura wa dangi hotuna ta WhatsApp a daren bikin ba shi da lokacin gyara, dole ya samu daidai tun a filin.

Batun baƙar fata da kyamara tsoho ne. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na raba wa masu wanke hoto kati mai hoton Baturiya domin daidaita launi, kuma an daɗe kafin a haɗa da masu duhun fata. Na'urorin yau sun fi, sai dai ango baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana har yanzu jarrabawa ce. Wasu masu biki kan ce a haskaka su sosai. Ƙara haske don wannan kawai yakan ci rigar da aka kashe wa kuɗi.

Kafin a karɓi aikin kuɗi da sabuwar kyamara, ya kamata a gwada ta. A tsayar da mutum cikin farar riga a rana, sannan a inuwa, a ɗauka daga -1 zuwa +1, a duba a babban allo. Kada a dogara da allon bayan kyamara, domin a rana yana nuna hoto da duhu, da dare kuma ya nuna shi da haske fiye da gaskiya. Jadawalin hasken da ake kira histogiram ya fi aminci: idan ya taru ya manne a bangon dama, farin ya fara ƙonewa.

Akwai tarkuna biyu. A tsarin M maɓallin ba ya canza hoton, sai in an bar ISO a hannun kyamara. Sannan kyamarori da yawa ba sa mayar da lambar sifili idan an kashe su, don haka +1 ɗin da aka sa a filin Idi da safe yana nan lokacin da aka shiga falon mai gida da yamma.