Mutumin da ya yi ta jifa da kifin tauraro

Sau biyu a rana teku kan janye daga gaɓar Makah, a jihar Washington ta Amurka, duwatsun bakin ruwa su fito fili. Daga nesa sai ka ce gansakuka ce kawai ta lulluɓe su. Amma in ka tsuguna, gari guda ne: ciyawar teku kala-kala, ƙananan dodon koɗi suna kiwo a kanta, ga kaguwa ta laɓe a tsaga, ga wasu halittu masu ɓawo biyu, dangin makankari, sun manne da dutse gam. A nan abinci ba ya yankewa, igiyar ruwa na kawo shi. Abin da ake rububi a kai shi ne wurin mannewa.

A shekarar 1963 wani matashin malamin jami'ar Washington, Robert Paine, ya zo da guntun ƙarfe, ya ware fili mai tsawon kusan mita 8, ya riƙa ɓamɓare duk kifin tauraron da ke ciki yana wurga shi teku. Filin da ke kusa kuwa bai taɓa ba. Shi kifin tauraro, duk da sanyin jikinsa, mafarauci ne. Yakan rungume makankari, ya yi ta ja har ɓawon ya ɗan buɗe, sannan ya turo tumbinsa waje ya zura a ciki, ya narkar da naman.

Kowa zai zaci in babu mafarauci sauran za su sarara. Ina! Makankari ne ya samu sake, ya yi ta yaɗuwa har ya shafe dutsen. Ciyawar teku ta rasa wurin kamawa, masu kiwonta suka yi ƙaura. Nau'o'in halittu 15 suka koma 8, alhali filin da aka bari yana nan yadda yake. Abin da ya fi burge ni ke nan: ashe mai cin wasu shi ne ke buɗa wa saura wurin zama.

A 1969 Paine ya kamanta irin wannan halitta da dutsen da ke tsakiyar ginin baka, wanda in aka zare shi ginin ya rufta. Tun 2013 kuma wata cuta mai narkar da jikin kifin tauraro ta yi musu ɓarna daga Alaska har Meziko, abin da ya sa masana suka sake zuba ido a kan waɗannan duwatsu.