Gaskiya ko Jita-jita: Sai Ɗan Majalisar Amurka Ya Nemi Izini Kafin Ya Leƙa Inda Ake Tsare Baƙin Haure?

Mutane da dama sun ɗauka cewa ɗan majalisar dokokin Amurka ba ya shiga wurin da hukumar shige da fice ta ICE ke tsare baƙi sai ya rubuta takarda an amince masa. Wannan jita-jita ce. Tun daga kasafin shekarar 2020, dokar kuɗin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta hana a yi amfani da kuɗin gwamnati wajen tare wa ɗan majalisar tarayya ƙofa idan ya zo duba irin waɗannan wurare. A dokar 2024 wannan tanadi shi ne sashe na 527, kuma ya faɗa ƙarara cewa ba sai an sanar tukuna ba. Hadiman 'yan majalisar ne kawai za a iya neman su ba da sanarwar awa 24.

Abin da ya fi burge ni a sashen shi ne ya hana yi wa wurin kwaskwarimar wucin gadi don a sauya abin da mai ziyara zai gani. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda ake share harabar makaranta, a gyara miya, ranar da aka ji mai duba makarantu na tafe. Mutumin da ke kwance a ƙasa a ɗakin da ya cika maƙil, ko mai ciwon suga da ya kwana biyu ba magani, ziyarar ba-zata ce kaɗai za ta iske shi yadda yake. Shi ya sa na ga ba daidai ba ne da ICE ta fito da sharaɗin sanarwar awa 72 a Yunin 2025, daga baya ta mayar da shi kwana bakwai. 'Yan majalisar wakilai 12 na jam'iyyar Dimokurat sun kai ƙara a ƙarshen Yuli, kuma a Disamban 2025 mai shari'a Jia Cobb a Washington ta dakatar da sharaɗin.

Akwai kuma masu cewa gidajen tsarewa na 'yan kasuwa ba su shiga ciki ba. Sun shiga, domin dokar ta haɗa har da wuraren da ake gudanarwa a madadin ma'aikatar, irin Delaney Hall a Newark, wanda kamfanin GEO Group ke riƙe da shi.

Can ɗin ne aka gane cewa ba kowane mai muƙami ne dokar ta shafa ba. Ranar 9 ga Mayun 2025, 'yan majalisa uku suka je wurin, magajin garin Newark Ras Baraka ma ya je, aka kama shi bisa zargin shiga ba izini, daga baya aka janye tuhumar. Magajin gari ba ɗan majalisar tarayya ba ne, don haka sashen bai ambace shi ba. Ita kuwa LaMonica McIver, 'yar majalisa ce, amma an gurfanar da ita kan zargin cin zarafin jami'ai a turereniyar ranar, ta kuma musanta.

Saura masu zaton tsarin mulki ne ya rubuta wannan dama baƙi da fari. A dokar kasafi take zaune, wadda ake sabuntawa shekara-shekara, kuma duk shekarar da majalisa ta bar wannan sashe a waje, masu tsaron ƙofa sun sami hujjar mayar da ɗan majalisa gida.