Rulmar injin iska: ku karanta lambarta kafin ku saya

Yau za mu yi magana bisa injin iska, wanda ake ce ma kwamfareso. Kun san shi wurin masu gyaran taya a tashar Tawa, da bakin hanyar Tabalak da Abalak mai zuwa Agadas. Masu ginar rijiya a Adar ma suna aiki da shi, in sun taras da dutsen da diga ba ta iya fasawa.

Cikin injin nan akwai wani ɗan ƙarfe mai suna rulma. A Najeriya ana ce mata boris. Zobe biyu ne, babba da ƙarami, da ɗiyan ƙarfe masu gangarawa tsakaninsu. Ita ke riƙe sandar injin don ta juya ba gogayya. In ta mutu, aiki ya tsaya.

Me ke kashe ta? Na farko ƙura. Lokacin hunturu yashi na shiga ciki, ya gauraya da giris, ya dinga cin ƙarfe. Na biyu rashin mai. Na uku bel da aka ɗaure ƙwarai, yana jan sanda gefe ɗaya.

Rulma ba ta mutuwa sai ta yi kashedi. Za ka ji gurnani ko ƙara sabuwa. Wurin zai yi zafin da hannu ba ya jimrewa. In ka kashe injin ka girgiza sanda, za ka ji tana wasa. To, kada ka ce sai gobe. Rulma mai araha ce bisa ga sanda. In ta kafe, sandar za ta lalace, wata sa'a har waya ta ƙone.

Yanzu ga babbar maganar. Kowace rulma tana da lamba a jikin zobenta. Goge ta da tsumma ka karanta. A ce ka ga 6205. Ɗauki lambobi biyu na ƙarshe, wato 05, ka ninka sau 5. Ka samu 25. Ke nan ramin tsakiya milimita 25 ne. Faɗinta duka milimita 52. Akwai kuma 6305. Raminta 25 ne ita ma, amma faɗinta 62, ba za ta shiga gurbin ba. A ido sun yi kama. Lamba ce ke raba su.

Bayan lamba akwai haruffa. 2RS na nufin an rufe gefe biyu da roba, ƙura ba ta shiga da sauƙi. ZZ murfin ƙarfe ne. Wadda ke zaune cikin man injin kuwa buɗaɗɗiya ce. Sayi irin wadda ka cire. Rubuta lambar da haruffan bisa takarda. In za ka aiki direba Tawa ko Ƙonni, ba shi takardar, ya duba kwali da jikin ƙarfen.

Ga yadda ake sa sabuwa. Yanke wuta, ka saki iskar tanki duka. Shimfiɗa tabarma mai tsabta inda iska ba ta kaɗawa. Kada ka buɗe ledar rulma sai lokacin sawa. Kada ka buge ta da guduma kai tsaye. Nemi guntun bututu daidai ƙaramin zobe, ka buga bisa bututun sannu sannu. In mai son giris ce, kada ka cika ta maƙil, yawan giris na kawo zafi. In sanda na da rulma biyu, canza su tare.

Ga aikin gida. In kun ga 6204, ramin milimita nawa ne? Ku lissafa, ku kai ma malaminku amsa. Mu kwana lafiya.