Kyanwarku Ta Ji Rauni? Ku Ajiye Kwalbar Homiyofati

Duk mai kyanwa ya saurara, ko ta gida ce, ko ta shago, ko wadda ke gadin rumbu saboda ɓeraye. Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu kiwon mage. Wai idan muzuru ya dawo daga faɗa da rauni, ba sai an kai shi asibitin dabbobi ba. A ba shi 'yan ƙwayoyin homiyofati, a zuba ido. Sunayen da aka fi ambata su ne Arnica, Calendula, Hypericum, Hepar sulphuris da Silicea. A Turai da Amurka da Indiya shawarar ta fi kasuwa, amma waya ta riga ta kawo ta tafin hannun kowa. Kada ku bi ta. Hankalinku kuma kada ya tashi, domin raunin kyanwa yana warkewa sarai in an tare shi da wuri. Jinkiri ne ke kisa. Kwalbar nan kuwa jinkiri take sa mutum ya yi, yana zaton magani yake bayarwa.

Da farko ku san abin da ke cikinta. Mutane da yawa suna ɗauka homiyofati maganin gargajiya ne irin na saiwa da sassaƙe. Ba shi ba ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da tsarin a shekarar 1796. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na sinadari a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. Daga wannan a ɗebi ɗigo ɗaya, a sake zubawa cikin wani 99. In kun ga an rubuta 30C a jikin kwalba, an maimaita haka sau 30. Tun daga wajen zagaye na 12, lissafin kimiyya ya nuna da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta sinadarin farko. Da za ku ɗiga ɗigon zoɓo ɗaya a tekunan duniya gaba ɗaya ku gauraya, wannan ruwan ya fi 30C kauri nesa ba kusa ba. Ruwan 30C ɗin ake yayyafa wa ƙwayoyin sukari. Sukari ake ba kyanwar da mugunya ke taruwa a jikinta.

An gwada abin, ba sau ɗaya ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba nazari 176 kan cututtuka 61. Ba ta sami cuta ko ɗaya da ke da sahihiyar shaidar cewa homiyofati na maganinta ba. A 2017 hukumar lafiyar Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya a farkon 2021. A ɓangaren dabbobi, hukumar da ke sa ido kan likitocin dabbobi a Birtaniya, RCVS, ta fitar da matsayinta a watan Nuwamban 2017: babu gamsasshiyar hujja a bayan homiyofati, kuma bai kamata ya maye gurbin ingantaccen magani ko ya jinkirta shi ba.

To, ga yadda raunin kyanwa yake, don a nan mutane ke ruɗuwa. Fiƙar kyanwa siririya ce, mai tsini. Idan ta ciji 'yar'uwarta, haƙorin yana nutsewa can cikin nama. Ƙofar ramin ƙarama ce ƙwarai. Gashi yana rufe ta. Cikin kwana ɗaya fatar ta haɗe. Mai gida ya duba, bai ga komai ba sai ɗan busasshen jini. Amma haƙorin ya bar ƙwayoyin cuta na baki a ciki, musamman wadda ake kira Pasteurella multocida. Wurin da ɗumi, da danshi, ba iska. Suna hayayyafa. Bayan kwana 2 zuwa 4, wani lokaci har mako, kumburi ya taso, da zafi, da taushi in an taɓa. Ƙurji ke nan. An fi ganinsa a kumatu, wuya, ƙafafun gaba da gindin wutsiya. Abin takaicin shi ne, in an kai kyanwa wurin likita cikin awa 24 da cizon, sau da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai yana hana ƙurjin fitowa. Wannan ranar ce mafi arha. Ita ce kuma ranar da ake ɓatawa ana ƙirga ƙwayoyin Arnica.

Haɗari na gaba ya fi wannan wayo. A koyarwar homiyofati akwai batun cewa ciwo yakan ƙara tsananta kafin ya sauka, wai alamar magani ya kama ne. Ku lura da abin da wannan magana ke yi wa mai kyanwa. Kumburi ya ƙaru, sai a ce magani na aiki. Jiki ya yi zafi, sai a ce cuta ce ke fita. Alamun da ya kamata su sa a ɗauki dabba a nufi asibiti, su ne aka mayar dalilin ƙara zama. Ni dai ban san wata koyarwa da ta fi wannan cutar da majiyyacin da ba ya magana ba.

Wani lokaci ƙurjin yakan fashe da kansa. Mugunya mai wari ta zubo, kyanwa ta sami sauƙi, ta ɗan ci abinci. Sai yabo ya tafi ga Silicea ko Hepar sulphuris. Alhali haka ƙurji yake yi in ya nuna, an ba da ƙwaya ko ba a bayar ba. Fashewa kuma ba warkewa ba ce. Fatar kyanwa tana saurin haɗewa. Bakin ƙurjin ya rufe, sauran mugunya na ciki. Bayan kwanaki ya sake cika. Na biyun yana iya fin na farko muni, don naman wurin ya fara ruɓa. Abin da wanki da magani za su gama, yanzu sai an sa dabba barci, an yanke mataccen nama, an ɗinke.

Ba kowane cizo ne ma ke taruwa wuri ɗaya ba. In a ƙafa ne, inda fata ta ɗame, cutar tana bazuwa ƙarƙashinta. In haƙori ya taɓa gaɓa, mugunya ta shiga gaɓar, kyanwa ta gurgunce. In ya kai ƙashi, ƙashin ya kamu, jinya ta koma ta makonni. In a ƙirji ne, mugunya tana iya cika kewayen huhu, numfashi ya gagara. In ƙwayoyin cutar suka shiga jini, tana iya mutuwa cikin kwanaki kaɗan.

Kyanwa kuma ba ta kuka da ciwo kamar kare. Ɓuya take yi. Ta shige ƙarƙashin gado, ko bayan buhuna, ta yi shiru. Shirun nan ba sauƙi ba ne. Zafin jikin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2, in ya haura, zazzaɓi ne, kuma zazzaɓi yana hana ta ci. Rashin ci a wurin kyanwa ba ƙaramin abu ba ne. In ta kwana biyu ko uku ba abinci, kitse yana fara taruwa a hantarta, musamman in mai ƙiba ce. Wannan kaɗai yana kisa, ko da raunin bai kai ga haka ba.

Sannan ga ƙuda. A ƙasarmu mai zafi, buɗaɗɗen miki ba ya kwana ba baƙo. Ƙuda ya sauka, ya saki ƙwai. Kafin gari ya sake wayewa tsutsa ta ƙyanƙyashe. Duk wanda ya yi kiwon tumaki ya san yadda take cin nama.

Kada kuma a ce tunda sukari ne, ai ba zai yi illa ba. Ba kowace kwalba ce fanko ba. Akwai ruwan jiƙo na asali da ba a sirka ba, akwai man shafawa, akwai waɗanda sirkinsu kaɗan ne. Yawancin ruwan jiƙon da barasa ake haɗa shi, yana ƙona miki. Tsiron Arnica kansa guba ne in an haɗiye, kuma ba a shafa shi a fatar da ta buɗe. Kyanwa kuwa duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Ko rubutun jikin kwalba ba a iya dogara da shi koyaushe. A farkon 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa ta gwada wasu ƙwayoyin homiyofati na jarirai masu fitar da haƙori, ta tarar da sinadarin tsiron belladonna mai guba, adadinsa ba daidai ba daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Na jariran mutane ke nan.

Abin da ke biyo baya shi ya fi ba ni tsoro. An yi kwana biyar ana ba da ƙwayoyi, kyanwa na ƙara lalacewa. Mai gida ya rikice. Sai ya laluba abin da ke kusa. Ya ɓalli farasitamol ya dura mata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya sarƙe. Wani ya wanke mikin da Dettol ko Izal. Sinadaran da ke cikinsu guba ne ga kyanwa, ta fata da ta lasa. Wani ya shafa baƙin mai na inji. Wani ya fesa maganin ƙwari don korar ƙuda, ko maganin kaska na kare mai sinadarin permethrin, wanda ke jefa kyanwa cikin karkarwa da farfaɗiya. Duk wannan daga kyakkyawar niyya ne, kuma duk yana iya zama ajalinta.

Yanzu ku dubi gidanku. Wa ya ciji kyanwar? In ba ku gani da idonku ba, ba ku sani ba. Ciwon haukan kare yana nan a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa cikinsu. Kare ne babban mai yaɗa shi, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza tana kamuwa, ta kuma yaɗa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Kyanwa mai ciwo tana cizon hannun da ke dura mata magani, kuma yara ne suka fi ɗaukarta. In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar. Cizon kyanwa a yatsa ko bayan hannu yana ruɓa da sauri, ko babu batun hauka.

Mikin da ya ƙi warkewa kuma yana iya zama wani abu daban. A Brazil, tun ƙarshen shekarun 1990 birnin Rio de Janeiro yake fama da cutar gyambo ta naman gwari da ke tashi daga kyanwa zuwa mutum, dubban mutane sun kamu. A jikin kyanwa kamar raunin faɗa take farawa. Wani gyambon kuma sankarar fata ce, musamman a kunne da hancin farar kyanwa mai kwanciya a rana. Cizo shi ne kuma babbar hanyar cutar FIV, mai karya garkuwar jikin kyanwoyi. Ba ta kama mutum, amma tana bin muzurai masu faɗa daga gida zuwa gida. Ido ba ya rarrabe waɗannan. Sai gwaji.

Ga abin da za ku yi. Ku naɗe kyanwar da tawul ko tsohon zane kafin ku taɓa wurin. In jini na zuba, ku danne da tsumma mai tsabta. Ku tafasa ruwa rabin lita, ku zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ku bari ya huce, ku wanke mikin da shi. Iyakar aikinku ke nan. Kada ku matse kumburi, kada ku tsaga shi da reza. Ku tsare ta a ɗaki, nesa da ƙuda da yara. Ku kai ta wurin likitan dabbobi yau, ko da ramin cizon bai fi kan allura ba. In ta daina ci, ko tana ɗingishi, ko wurin na wari, ko numfashinta ya canja, kada ta kwana.

A Najeriya, manyan garuruwan jihohi suna da asibitin dabbobi na gwamnati. Akwai kuma asibitocin koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Likita zai aske gashin wurin, ya buɗe ƙurjin, ya wanke, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi irin wanda jikin kyanwa ke ɗauka. Ku gaya masa duk abin da kuka riga kuka ba ta, har ƙwayoyin homiyofatin da ranar da kuka fara. Ku ƙarasa maganin da ya rubuta ko da ta miƙe tana wasa. Kafin ku baro wurin, ku tambayi allurar rigakafin haukan kare, in kuma muzuru ne, ku sa ranar da za a fiɗiye shi, don fiɗiyayye ba ya yawan fita faɗan dare.