Rubuta Direban Adaftar USB a Cikin Kanel ɗin Linux: Wani Darasi ga Kwalejojin Ilimi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda ake rubuta ɗan shirin da ke haɗa zuciyar manhajar kwamfuta da adaftar USB, da kuma dalilin da ya sa muke ganin ya kamata a koyar da shi a kwalejojinmu. Mun zaɓi Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991, saboda rubutunta a buɗe yake, kowane ɗalibi yana iya karantawa ya kuma gyara ba tare da ya biya kowa ba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba ƙwaƙwalwa da lokaci tsakanin shirye-shirye, kuma shi kaɗai ke da iznin taɓa na'urori kai tsaye. Direba kuwa tafinta ne, wato ɗan shirin da ya san yaren wata na'ura, yake fassara mata buƙatun kanel. Adafta ita ce na'urar da ke sauya wata mahaɗa zuwa wata, alal misali daga USB zuwa tsohuwar mahaɗar RS-232, ko zuwa intanet maras waya.

3.0 Matsalar

Mu ƙaddara wata makaranta a ƙauye irin Bauranya, a yankin Kankia da Kusada, ta sami kwamfuta da wutar sola. Inbatoci da yawa suna ba da bayanin cajin batir ta mahaɗar RS-232, alhali kwamfutocin yanzu ba su zuwa da ita. Dole ke nan a sayo adafta daga Katsina ko Kano. In an soka ta kanel bai gane ta ba, to an yi asarar kuɗin, ga shi babu mai lura da lafiyar batir, wanda yake cikin kayan da suka fi tsada a haɗin. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, tafinta kawai ta rasa.

4.0 Yadda USB ke Aiki

An fitar da ƙa'idar USB ta farko a 1996. Ta 1998 tana gudun megabit 12 a daƙiƙa, ta 2000 ta kai 480, ta 2008 kuwa ta kai gigabit 5. Duk da wannan sauyi, tushen bai canja ba: kwamfuta ce uwar gida, ita ke fara kowace magana, na'ura ba ta cewa uffan sai an tambaye ta. Layi guda yana iya ɗaukar na'urori har 127.

Da zarar an soka na'ura, sai kanel ya nemi ta gabatar da kanta. A cikin amsarta akwai lambobi biyu masu bit 16 kowace, wato lambar kamfani da lambar kaya. Alal misali, lambar kamfanin FTDI ita ce 0403, ta Prolific kuwa 067b. Da waɗannan ne kanel ke neman direban da ya dace.

Har ila yau, na'ura tana bayyana ƙofofinta, waɗanda ta cikinsu bayani ke shiga da fita. Iri huɗu ne. Akwai ƙofar umarni, wadda kowace na'ura ke da ita a lamba sifiri. Akwai ƙofar dako, mai ɗaukar bayani mai yawa ba tare da kuskure ba, amma ba ta alkawarin lokaci. Akwai ƙofar leƙe, wadda kwamfuta ke dubawa a kai a kai, kamar ta allon rubutu. Sai ƙofar kwarara, ta sauti da hoto, wadda ke kiyaye lokaci ko da wani abu ya zube a hanya.

5.0 Matakan Rubuta Direba

Mataki na farko shi ne bincike. Umarnin lsusb yana nuna lambobin na'ura da ƙofofinta, dmesg kuma yana nuna abin da kanel ya ce lokacin da aka soka ta. A nan ne ake gane ko ana ma bukatar sabon direba. In na'urar tana bin ƙa'idar jinsinta, kamar filashi, direban gama-gari ya wadatar. Wani lokaci kuma cif ɗin da ke ciki sananne ne, lambar ce kawai baƙuwa, sai a ƙara ta a jerin direban da ke akwai, layi guda ya kashe magana.

In babu makawa, sai a rubuta abubuwa uku cikin harshen C. Na farko shi ne jerin lambobin na'urorin da direban ya ɗauki nauyinsu. Na biyu shi ne aikin tarba, wanda sunansa probe a cikin kanel. Shi ake kira idan lamba ta dace, ya duba ƙofofi, ya tanadi ƙwaƙwalwa, ya yi wa na'urar rajista, har ta bayyana ga mai amfani da suna kamar ttyUSB0. Na uku shi ne aikin sallama, mai suna disconnect, wanda ke mayar da duk abin da aka ara.

Shi kuwa bayani, ana aika shi ne cikin wani ƙunshi da ake kira URB. Direba ya cika shi, ya miƙa, ya ci gaba da harkarsa. In saƙon ya isa, sai kanel ya kira wani ɗan aiki na kammalawa. A cikin wannan aiki an hana jira ko barci, domin yin haka yana iya daskarar da kwamfutar baki ɗaya.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne sallama. Mutum yana iya fizge adafta a tsakiyar aiki, ko soket mai ƙura ya saki da kansa. In direba ya saki ƙwaƙwalwa alhali akwai saƙon da bai dawo ba, to saƙon zai dawo ya rubuta a wurin da ba nasa ba. Kuskure a shiri na yau da kullum shirin kaɗai yake kashewa, amma kuskure a kanel kowa yake shafa. Saboda haka tilas a soke duk saƙonnin da ke hanya tukuna, sannan a saki ƙwaƙwalwa.

6.0 Batun Jabu

Lambar da na'ura ta faɗa ba shaida ba ce, domin masu jabu suna aron lambar wasu. A watan Oktoba na 2014, wani direban FTDI na Windows ya riƙa mayar da lambar kayan jabu zuwa 0000, har suka daina aiki, kafin a janye shi. Mai saye a kasuwa ba ya iya bambance cif na asali da na jabu da ido, don haka wajibi ne direba ya duba amsar na'ura kafin ya gaskata ta.

7.0 Kammalawa

Kayan koyar da wannan darasi ba su da tsada: tsohuwar kwamfuta, adafta guda, da samfurin direba mai suna usb-skeleton.c da ke cikin rubutun Linux. Littafin Linux Device Drivers na Corbet da Rubini da Kroah-Hartman, bugu na uku na 2005, yana da babi a kan USB, ko da yake wasu bayanansa sun tsufa, sai a gwada su da kanel na yanzu.

Muna ba da shawara ga sassan kimiyyar kwamfuta, kamar na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da su sanya wannan cikin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe. Malamin da aka tura ƙauye ba shi da injiniya a kusa. In ya iya karanta lambar na'ura ya gano abin da ta rasa, ya ceci kayan makarantarsa, ya kuma nuna wa yaransa cewa kwamfuta aba ce da ake buɗewa a fahimta.