Na'ura Ta Koyi Kwaikwayon Murya: Mu Yi Hattara

Jama'a, kowa ya san aku. In ya daɗe a gida yana jin maganar mutane, sai ya riƙa maimaitawa. To, yanzu an ƙera na'urar da ta fi aku iya kwaikwayo. Tana iya ɗaukar muryar mutum ta yi magana da ita, har matarsa ta ji ta rantse shi ne. Ya kamata mutanenmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu su san da wannan, domin yawancin harkokinmu yanzu ta waya ake yin su.

Yadda abin yake

Wannan aikin kwamfuta ne, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Masana sun koya mata wata dabara da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Sukan sa ta saurari muryoyin dubban mutane, har ta gane yadda ɗan Adam yake furta kalmomi. Daga nan, in an ba ta ɗan guntun maganar wani, sai ta kama yanayin muryarsa: kaurinta ko sirantarta, da saurin maganarsa. Sai a rubuta mata abin da ake so, ta faɗe shi da wannan murya.

Kada a ɗauka irin aikin rikoda ne. Rikoda abin da ka faɗa kawai take maimaitawa. Ita kuwa wannan, abin da ba ka taɓa faɗa ba ma za ta faɗa da muryarka. A shekarar 2023 kamfanin Microsoft na Amurka ya nuna wata da ke iya kwaikwayon mutum bayan ta ji maganarsa ta daƙiƙa 3 kacal.

Amfaninta

Na'urar tana da amfani ƙwarai. Akwai masu rasa muryarsu saboda ciwo. Wata 'yar majalisar dokokin Amurka mai suna Jennifer Wexton ta gamu da ciwon da ya hana ta magana sosai. Aka tattara tsofaffin jawabanta aka bai wa kwamfuta. A watan Yuli na 2024 ta yi jawabi a zauren majalisa da muryarta ta da, ta hanyar na'ura.

Haka kuma, a 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fito da na'urar da ke karanta rubutu da murya cikin harsuna fiye da 1,100, har da Hausa. Da irin wannan, makaho da tsohon da idonsa ya yi rauni za su iya sauraren wasiƙa ko jarida. Ana iya karanta wa manomi bayanin taki da iri, a karanta wa uwa ranakun rigakafin yara, duk da harshensu.

Haɗarinta

Amma wuƙar da ake yanka nama da ita, ita ce mugu yake cutar mutane da ita. A 2019 wasu 'yan damfara suka kira shugaban wani kamfani a Ingila da muryar maigidansa na Jamus. Ya ji murya ya amince, ya tura musu Yuro 220,000.

A 2023 kuma aka kira wata uwa a jihar Arizona ta Amurka. Ta ji muryar 'yarta tana kuka tana neman agaji. Wani mutum ya karɓi waya ya ce sun sace yarinyar, sai an biya dala miliyan 1. Allah ya taimaka, waɗanda ke tare da ita suka kira mijinta, sai ga shi yarinya tana nan lafiya lau. Babu wanda ya taɓa ta.

A nan Nijeriya ma abin ya iso. Dab da zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu 2023, wata murya ta bazu a wayoyi. Aka ce wai Atiku Abubakar da Aminu Tambuwal da Ifeanyi Okowa ne suke shirya maguɗi. Masu binciken gaskiyar labarai suka duba, suka ce muryar ta bogi ce. Amma kafin nan mutane da yawa sun ji, sun tura wa wasu.

Ina ruwanmu?

Mu a Zamfara mun san zafin kiran waya. Masu garkuwa da mutane ta waya suke neman kuɗin fansa. Abin da dangi suke fara roƙo shi ne a ba su ɗan'uwansu su ji muryarsa. In sun ji, sai a shiga sayar da hatsi da dabbobi, wani lokaci har gona.

To, yanzu macucin da bai sace kowa ba yana iya cin kasuwarsa da wannan tsoro. Sai ya bari ɗanka ya kama hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ko ya shiga ƙauyen da waya ba ta kamawa, sannan ya kira ka da muryarsa. A ina zai sami muryar? A saƙonnin murya da muke turawa ta WhatsApp, da bidiyon da matasa suke sawa a TikTok da Facebook. Haka nan ana iya sa wa malami ko basarake maganar da bai yi ba, don a haɗa jama'a faɗa.

Abin yi

Ba cewa muke yi kowane kira ƙarya ba ne. Cewa muke yi jin murya kaɗai bai isa shaida ba. Ga shawara:

1. Ku zauna da iyali ku zaɓi wata kalma ta sirri. Wanda ya kira yana neman agaji, a tambaye shi ita.

2. Ka yi wa mai kira tambayar da ɗan gida kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kaka take kiransa da shi.

3. Ka kira mutumin ta lambarsa da ka sani, ko ka kira abokin tafiyarsa.

4. In an ce maka “turo yanzu-yanzu, kada ka faɗa wa kowa”, ka tsaya tukuna. Sauri kan haifi nawa. Ka sanar da wani babba, da mai unguwa ko 'yan sanda.

5. A wurin mai POS, ka karanta sunan mai asusun da idonka kafin a tura kuɗi.

6. In muryar wani babba ta shigo wayarka da maganar tayar da hankali, kada ka tura wa kowa sai ka tabbatar.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da matan cikin gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu daga sharrin macuta.